Ƙwaƙwalwar Kwamfutar Kawu Tela

Daga shago, ranar Juma'a da hantsi

Uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya zaman wannan tashar wutar lantarkin taku ta bayan duniya? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Innarki tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci kan lokaci. Na ce mata injiniyar da ba ta barin inji ba mai, ai ba za ta bar cikinta ba. Gwiwata ta yi sauƙi. Kunnen ne dai yana nan yadda kika bar shi. Shekara talatin da takwas ina zaune cikin ƙarar keken ɗinki, yanzu in an kira ni a waya sai in ji kamar mutum na magana daga cikin randa. Shi ya sa na gwammace takarda, tunda Dogo direba yana kai muku kaya duk mako.

Hoton takardar shaidarki ta cikakkiyar injiniya na kafa shi sama da teburin yanka. Wata biyu ke nan, duk wanda ya shigo awo sai ya karanta shi kafin in ɗora masa tef a kafaɗa. Akwai kuma wani abu da na yi da hannuna saboda murnar wannan takarda. Ba zan faɗa miki ba, sai kin zo kin gani da idonki. Na ja wa Innarki kunne, don na san ku.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shugabar makarantar koyon jinya ta zo da ƙafarta ta ba ni aikin bajo ɗari huɗu, na rigunan sababbin ɗalibai. Ta wuce shagon Mai-Kai-Huɗu, wannan da ya buɗe a tsallaken titi da sabon injin surfani mai ɗinka huɗu a lokaci guda, ta tsallako wurina. Ta ce bajon da na yi mata da hannu tana ɗaliba har yau zarensa bai tashi ba. Uwata, ranar nan hulata ta yi mini kaɗan. Mako biyar ta ba ni, ɗaya ya riga ya tafi.

Sai ga shi laftof ɗin nan da kika bar mini, wadda kika yi karatu da ita, ta fara yi mini tsiya. Kin san injina tsoho ne, ba ya riƙe zane a kansa, daga kwamfutar yake karɓa ta waya, ɗinki bayan ɗinki. Da safe in na kunna ta garau take. Kafin in gama bajo shida sai ta fara jan ƙafa, fankar cikinta na huci kamar ta hau tudu da kaya, can sai ta ɗauke ɗif, allura ta tsaya a tsakiyar 'yar fitilar da ke jikin bajon. Goma sha ɗaya na ɓata a mako guda. Da ƙyar nake samun takwas masu kyau a wuni, ki lissafa da kanki.

Na ɗauke ta na kai wa Dakta, mai gyaran kwamfuta na ƙarshen layinmu. Abin haushi, a kan teburinsa sai ta nutsu, kamar ciwon haƙorin da ya ga likita. Amma Dakta ya ce ya gane cutar. Wai furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, ita ce ta yi wa aikina ƙanƙanta. Yana da wata mai ƙarfi da ya ciro daga wata kwamfutar, in ya sa mata za ta riƙa gudu kamar sabuwa, kuma kwana biyu ya ishe shi.

Na ce masa ni ina da injiniya a gida, kuma ba na yanka yadi sai na auna. Ki rubuto mini ta hannun Dogo: a canza ƙwaƙwalwar ko kuwa? Ni dai raina ya kwanta da maganarsa, amincewarki kawai nake jira.

Kawunki,
Tela

*

Daga tasha, ranar Litinin

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Wasiƙarka a tsaye na karanta ta, a jikin motar Dogo, kafin ya sauke ko kwali ɗaya. Lafiyata ƙalau, ka ce wa Inna har ƙiba na yi, a shirya buɗa mini riguna. Na ji daɗin labarin gwiwa. Labarin bajo kuwa har tsalle na yi, masu gadi suka ɗauka ƙarin girma aka yi mini. Ni da na girma a ƙarƙashin teburin yankan nan ina ware maɓallai, na san Shugaba ba ta yi ɓatan kai ba.

Yanzu tunda kai ka ce ni uwarka ce, to ka ji maganar uwa: kada ka bari a taɓa ƙwaƙwalwar nan.

Kwamfutar nan na san cikinta, sau biyu na buɗe ta ina ɗaliba. Furosesarta ba kamar maɓalli ba ce da za a tsinke a ɗinka wani. Manne take da dalma a jikin babban allon ciki, a ɗaruruwan wurare, kowanne bai kai kan allura ba. Kafin a cire ta sai an gasa allon da iska mai zafi. Wani allon ya jure, wani ya tafi ke nan. Ko an dace ma, 'yar'uwarta ce kawai za ta zauna a gurbin, kuma ƙarin saurin bai wuce a ƙara wa wando yatsa ɗaya ba. Ga shi mai ƙarfi ta fi fitar da zafi, alhali fankar da ke ciki a kan awon tsohuwar aka yanka ta.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne manhajar da ke tuƙa injinka. Lasisinta a ɗaure yake da wannan kwamfutar, kuma masu ita sun daina bayar da irinsa. In ta farka ta ga sabuwar ƙwaƙwalwa, tana iya ɗauka an sace ta an kai wani gida, ta kulle kanta. Ranar nan kana da inji, kana da zare, ba ka da bajo.

Kuma ni ban yarda da cutar da Dakta ya faɗa ba. Shekara biyu wannan ƙwaƙwalwar tana yi maka wannan aikin ba ta koka ba, kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta ƙanƙancewa da tsufa. Wadda ke gudu da safe ta gaji da hantsi, zafi nake zargi. Ka amsa mini: me ya canza a shagon kwanan nan? A ina take zaune? Rana na dukanta ta taga? Dutsen guga na kusa da ita? Ko ƙurar zare ce ta toshe ta?

Gaskiya ma Kawu, tsohuwar kwamfuta ce, ta gama cin zamaninta tun a hannuna, ba ta kai a sha mata wannan wahalar ba. Ka lallaɓa ta a gama bajon. In na zo hutu sai mu samo maka wata, mu jefa wannan cikin tarkace.

Dogo na ta danna mini oda, sai na ji daga gare ka.

'Yarka

*

Daga shago, ranar Juma'a

Injiniya,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya.

Na ga tambayoyinki, ga amsa. Ba abin da ya canza. Ba ta kusa da taga. Dutsen guga yana can ƙarshen shago inda yake tun kafin a haife ki. Ƙura kuwa na share da burushin keke, Dakta ma ya hura mata iska. Jiya ta ɗauke sau uku.

Kin tambaya a ina take zaune. Zato kike a kan buhun ƙyallaye na yar da ita?

Layinki na ƙarshe na karanta shi sau huɗu, ko zan ga na yi kuskuren karatu. Ban yi ba. Tarkace. Ranar da kika miƙo mini kwamfutar nan da hannu biyu kika ce, "Kawu, a kanta na yi digiri, yanzu kai ma ka yi naka," ni ma da hannu biyu na karɓa. Haruffa uku na jikinta sun goge, yatsunki ne suka goge su. In baƙo ya shigo nakan nuna masa wurin in ce ga inda aka yi injiniya. Ashe tarkace nake nuna wa mutane ban sani ba. To madalla, ilimi ya yi rana.

Na so in ɓoye miki abin da na yi sai kin zo, amma tunda abin ya zama haka, na sa Mai Hoto na maƙwabtanmu ya ɗauka ya wanke. Ga shi nan cikin ambulan. Ki duba da kyau ki ga inda tarkacenki ke zaune a shagon jahilin tela.

Shekaranjiya Shugaba ta leƙo. Na ƙirga mata casa'in da bakwai, ta ce, "Baba, ka dai tuna ranar." Ba ta ƙara ko kalma ba, da ma ta zage ni. Tana fita sai ga Mai-Kai-Huɗu ya tsallako yana murmushi, wai in aikin ya fi ƙarfina in ba shi rabi ya taimaka, ai girma ya zo. Na ce masa in na tashi neman sanda zan aika masa. Ya fita, na koma kan aikina.

Bayaninki na dalma da lasisi na ji, kuma ban ce ƙarya kika yi ba. Amma ke kin ce in lallaɓa, lallaɓawa kuwa ba za ta fitar da bajo ɗari uku cikin mako uku ba. Dakta ya ce a yi, ke kin ce a bari, ba ki ce ga abin da za a yi ba. Dakta ya yi tafiya, ranar Laraba zai dawo. Alhamis da safe zan kai masa ita.

Ba shawara nake nema ba wannan karon, sanar da ke nake yi.

Tela

*

Daga tasha, ranar Litinin

Kawuna,

Ina gaisuwa, ina neman gafara, kuma don Allah ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka fita ko ƙofar shago.

Hoton na fara cirowa. Na ga shimfiɗar karan-miski shuɗi, cike da soso, da gefuna masu tudu da suka rungume kwamfutar ta ko'ina kamar jariri a goyo. Na ga zaren zinariya a gaba, an rubuta INJINIYA, ga walƙiya a dama, ga almakashi a hagu. Na san wannan ba aikin inji ba ne, hannunka ne, kuma na san abin da idonka ya sha kafin ka gama. Kawu, kuka na yi a gaban Dogo. Ina cikin kukan sai dariya ta ƙwace mini, har ya tambaya ko lafiya.

Na gano cutar. Kwamfutar nan ta ƙasa take shan iska. Ka kifa ta ka gani, akwai 'yan kafofi a jere a cikinta, akwai wasu a gefen hagu inda take fitar da zafi. Shimfiɗarka ta toshe na ƙasa da soso, ta toshe na gefe da tudu. In ta yi zafi sai ta rage gudu don ta ceci kanta, in zafin ya yi yawa sai ta kashe kanta gaba ɗaya. Yaushe ka ɗinka shimfiɗar? Bayan takardata ta fito. Da can aikinka na bajo ɗaya biyu ne, ba ta daɗe a kunne, shi ya sa ba ka lura ba sai da babban aiki ya zo. Me ya sa take nutsuwa a wurin Dakta? Na rantse ba ka taɓa kai masa ita da shimfiɗar ba, don kada maiƙon teburinsa ya ɓata maka karan-miski. A kan katako tsirara take samun numfashi.

Ƙwaƙwalwarta lafiya lau take. Gata ne ya yi mata yawa.

Ga abin da za ka yi. Ka cire ta daga shimfiɗar. Ka ɗauko kwarkwaro huɗu marasa zare, ka sa ɗaya a ƙarƙashin kowace kusurwa, yadda iska za ta wuce ta ƙasa. Kada ka jingina komai a gefen hagu. Shi ke nan aikin, ba dalma, ba wuta.

Maganar tarkace kuwa, bakina ne ya yi tuntuɓe. Tsoro nake kada a kashe maka ita a tsakiyar aiki, sai na ƙasƙantar da ita don ka haƙura. Ban yi tunanin abin da take a wurinka ba. Jahili kuma kada ka ƙara kiran kanka a takardar da za ta zo hannuna. Wanda ya koya mini a auna sau biyu kafin a yanka, shi ya fara koya mini aikin injiniya.

Na hau tankin ruwa, inda waya ke kamawa in ta ga dama, na kira Inna sau biyar bai shiga ba. Dogo ya yi mini alkawarin zai iso ranar Laraba kafin ka rufe shago.

'Yarka, in har yanzu kana so,
Uwarka

*

Daga tasha, ranar Alhamis

Kawu,

Ina gaisuwa. Yanzu labari ya iso mana cewa motar Dogo ta karye a gada tun ranar Talata, yana can zaune yana jiran kayan gyara, wasiƙata na aljihunsa. Yau kuma Alhamis.

Tun safe nake duban agogo. Ƙarfe tara na ce yanzu ya buɗe shago. Ƙarfe goma na ce yanzu yana tafe a layi da ita a hammata. Abokin aikina ya tambaye ni lambar wani mita sau uku ban ji shi ba.

Nas ɗin tasharmu za ta tafi hutu yau, ita zan ba wannan. A taƙaice: shimfiɗar ce ke toshe wa kwamfutar iska, ka cire ta, ka ɗora ta a kan kwarkwaro huɗu. In kuwa an riga an gasa allon, kada ka ɓoye mini. Na roƙi hutun gaggawa, zan zo mu san yadda za a yi da Shugaba tare. Laifin nawa ne. Kawuna ne ya tambaye ni, na ba shi amsar da ake ba baƙo.

'Yarka

*

Daga shago, ranar Juma'a

Uwata,

Gaisuwa da sa albarka. Muna lafiya, gwiwa lafiya, kunne yadda yake. Ki mayar musu da hutunsu, ki sauko daga kan tanki kafin ki karye mana. Zauna in ba ki labari daga farko.

Ranar Larabar makon jiya na jira Dogo har na rufe shago. Da bai zo ba na ce to, ta yi fushi ita ma. Alhamis da safe na zare kwamfutar daga shimfiɗarta, kamar yadda kika rantse ina yi, na kai wa Dakta. Ya kwance bayanta, ya jera 'yan kusoshin a murfin kwalba, ya jawo wani ƙarfe mai baki kamar na buta ya kunna. Daga inda nake zaune na ji hucinsa a fuskata.

Na ce, "Dakta, in ka farke, za ka iya mayarwa yadda take?"

Ya ce, "In Allah ya yarda, Baba."

Na ce, "Allah kam mai yarda ne. Kai nawa ka taɓa yi?"

Ya ce, "Uku."

"Nawa suka tashi?"

Sai ya kai hannu yana sosa ƙeya. Ya ce, "Biyu. To, ɗayar tana tashi in ta ga dama."

Uwata, na san wannan susar. Ita nake yi in mace ta kawo mini yadi uku tana son ɗinkin yadi biyar. Na dubi haruffan nan uku da suka goge, na dubi bakin butar. Har lokacin haushinki nake ji, kada ki ɗauka na huce. Amma na tambayi kaina, tun tana ware maɓallai, yarinyar nan ta taɓa ce maka baƙi ne ka duba ka ga shuɗi?

Na ce, "Kashe wutarka, rufe mini kayata. Uwata ta ce a'a."

Ya ce, "Baba, ai ita ba ta ga kwamfutar ba."

Na ce, "Ta ga cikinta tun kai kana gyaran tocila."

Na dawo shago da ita, ba ni ga tsuntsu ba ni ga tarko. Kin san abin da na yi? Na mayar da ita cikin shimfiɗarta, har da gyara mata gefuna don ta ji daɗi. Ranar Juma'ar da ta wuce ta ɓata mini biyu. Na tsaya a ƙofa ina kallon shagon Mai-Kai-Huɗu, ina auna yadda zan tsallaka titin nan da yadi a hannu. Faɗinsa bai fi taku ashirin ba, amma ban taɓa ganin hanya mai nisansa ba. Na ce bari in ba kaina zuwa Litinin.

Asabar da hantsi sai ga wata mata da jaka ta ce ita ce nas ɗinku. Ban gama yi mata sannu da zuwa ba sai ga Dogo, baƙi ƙirin da man mota, yana miƙo tasa. Na karanta ta Dogo, na karanta ta nas. Na ajiye su a tebur. Na je na ɗaga kwamfutar. Uwata, a tsakiyar karan-miskin nan ga tabo kamar tafin hannu, gashin ya kwanta ya koɗe, ga shatar kafofin nan layi-layi kamar an buga hatimi. Wata biyu baiwar Allah tana neman numfashi, ni kuwa ina tsaye a kanta ina nuna wa baƙi.

Innarki ta karɓi wasiƙar ta karanta, ta yi dariya har ta zauna a kan buhun ƙyallaye. Ta ce, "Ai ga irinta nan. Haka ka yi wa yarinyar nan tana ƙarama, rigar sanyi uku a kan juna, har ta fito da ƙuraje." Na ce mata ba a tambaye ta ba.

Na sa kwarkwaro huɗu. Na kunna. Shida suka wuce, ina jiran huci, shiru. Goma suka wuce. Na ƙi tashi ko ruwa in sha don kada in yi mata baki. Kafin in rufe shago na ƙirga ashirin da uku, ba ko ɗaya da ya ɓaci. Na kai hannu gefen hagu na ji iska mai ɗumi na fita salin-alin.

Dakta ya zo da kansa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Yaron kirki ne, bai yi musu ba. Ya ce, "Baba, ashe ka riƙa kawo mini majinyaci kana ɓoye mini gadonsa." Da zai tafi ya roƙi kwarkwaro huɗu.

Innarki ta ce in rufa wa kaina asiri, kada layi ya ji. Ina! Shago shago na bi da shimfiɗar a hannu. Na nuna wa mai aski, na nuna wa Mai Hoto, na tsallaka titin da ƙafata na nuna wa Mai-Kai-Huɗu. Na ce ku ga wautar tela, ku kuma ji aikin 'yarsa: daga tafiyar kwana biyu, da hoto ɗaya, ta ga abin da mu da muke tsaye a kai ba mu gani ba. Suka yi mini dariya, na taya su. Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya irin na ranar ba.

Yau muna da ɗari biyu da saba'in da ɗaya. Maganar tarkace ta wuce, ni ma na faɗi abin da ya fi ta.

Kawunki,
Tela

*

Daga tasha, ranar Litinin

Kawu,

Alhamdu lillahi. Ina gaida Inna, ka ce mata ina tuna ƙurajen. Na karanta wa abokan aikina hirarka da Dakta, yanzu duk wanda ya sosa ƙeya a taro sai a tambaye shi nawa suka tashi.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ka ce masa a'a tun wasiƙata ba ta iso ba, kana cikin fushi da ni, ba ka da wata mafita a hannu. Takardar da ke sama da teburinka mutanen da ba su san ni ba ne suka sa mata hannu. Wannan ta fi ta.

Ina da roƙo. Shimfiɗar nan sunana ke jiki, don haka tawa ce. Kujerar ofishina ƙarfe ce, ni kuma ba ta ƙasa nake shan iska ba. A ba Dogo.

Uwarka

*

Daga shago, ranar Juma'a

Uwata,

Muna lafiya, Innarki na gaisuwa. Ranar Laraba na kai bajo ɗari huɗu cif, saura kwana biyu a wa'adi. Shugaba ta zazzage su a tebur, ta ɗauki ɗaya ta juya bayansa ta ja zaren da farce, bai motsa ba. Ta ce na baɗi ma nawa ne. Kwamfutarki na nan a kan ƙafafunta huɗu, da ƙwaƙwalwarta ta asali, kuma in kin zo hutu ba inda za a jefa ta.

Ga shimfiɗarki nan a ƙunshe, na ce wa Dogo in ya taɓa ta da hannun mai ni da shi ne. Za ki ga tabon yana nan. Na zana fure da alli a kansa, har na zura zare, sai na ajiye allurar. Shekara talatin da takwas ina tura kuskurena cikin kalmasa inda mai kaya ba zai gani ba. Wannan na zagaye shi da zaren zinariya, na bar shi a fili. Duk wanda ya shigo ofishinki ya tambaya, ki ce masa nan ne kawunki ya yi wauta, nan ne kuma ya tabbatar yana da injiniya.

Kawunki,
Tela